Shari'ar Tsuntsaye a Tsaunin Zangmar

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turaku, ya raba wa kowane tsuntsu muryarsa, ya rubuta wa kowane bawa ajalinsa. Ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na fara ba na son a katse ni. Ni ne Cindo ɗan Bawa Maharbi, mutumin Kwatarkwashi. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ba a bakin fatake na tsinta ba.

Tun ina yaro Allah ya jarabce ni da son kukan tsuntsaye. Babu wanda zai yi kuka a dajinmu ban mayar masa da irin nasa ba, har fakara takan baro 'ya'yanta ta zo nemana. Da na ƙare na ƙasarmu, sai zuciya ta ce mini akwai saura a gabas. Yayana Shekarau, wanda wanzami ne, ya yi faɗa har ya gaji. Da ya ga ba zan fasa ba, sai ya rataya zabirarsa ya ce, "Mu je. In na bar ka kai kaɗai, wata rana za ka bi tsuntsu har cikin bakin kada."

Muka ratsa rairayi, muka shiga jirgin ruwa, iska ta yi ta wasa da mu har muka manta ɗanɗanon tuwo, daga baya ta tofar da mu a gaɓar wata ƙasa da ba mu san sunanta ba. Can wani madugu mai suna Torba ya tausaya mana, ya sa mu cikin ayarinsa. Gishiri yake kaiwa kan tsaunuka, a bayan waɗansu shanu masu gashi har ƙasa. A hanya muka koyi harshensu, muka tsallaka gadojin igiya da ke lilo bisa kogunan da ko ƙararsu ba ta isowa gare mu, matsattsaku suka sha jininmu har suka raina mu. Ƙarshenta muka isa Zangmar, garin Torba, wanda gidajensa ke manne a jikin dutse kamar gidan zanzaro. A ƙarƙashin garin akwai wani kwazazzabo da suke kira Bakin Shiru, don in ka jefa dutse ba za ka ji saukarsa ba.

Ba mu daɗe da sauka ba zazzaɓi ya kayar da Torba, kansa kamar zai tsage. Yaya Shekarau mutum ne da ba ya iya ganin mai ciwo ya wuce, balle wanda ya ciyar da shi. Ya buɗe zabira, ya tsattsaga ƙeyar Torba da aska, ya kafa ƙaho, ya sa baki ya zuƙa, kamar yadda ake yi a kowane zaure na ƙasar Hausa. Sai dai mutanen Zangmar ba su taɓa ganin ƙaho ba. 'Ya'yan Torba suka shigo daidai lokacin da Yaya ya cire ƙahon, jini baƙi ƙirin na zuba a kasko, shi kuma yana goge baki. Wayewar gari Torba ya cika.

Kafin rana ta ɗaga an ɗaure Yaya, ana ihu wai baƙo ya shanye jinin madugu. Na yi rantsuwa da duk abin da na sani, babu wanda ya kalle ni. Wata tsohuwa mai sayar da shayi, Yangsi, wadda a ɗakinta muka sauka, ta ja ni gefe.

"Ɗana, adana yawunka," in ji ta. "A nan mutum ba ya yanke wa mutum hukunci. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai shi Itacen Gaskiya a ɗaure shi a gindi. In tsuntsaye suka ƙyale shi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ya kuɓuta. In suka taru a kansa suna zagi, sun ga abin da ke cikinsa, sai Bakin Shiru."

"Inna, wane irin tsuntsu ke taruwa?"

"Ƙananan duka. Masu shan furanni, masu cin tsutsa, har waɗanda ba sa ga maciji da juna."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na san tsuntsu ba ya duba zuciyar mutum, ko tawa da na yi shekaru ina yaudararsu ba su taɓa ganewa ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Na nufi inda itacen yake, a wani fili bayan gari, amma tun daga nesa masu gadi suka ɗana mini baka. Abin da na hango kawai, tsohon itace ne, rabinsa ya bushe. Na kuma lura duk wanda zai gifta ta wurin sai ya sunkuyar da kai, har masu gadin ma ƙasa suke kallo. A al'adarsu, ɗaga ido sama da tsayin mutum a gaban itacen nan rashin kunya ne da babu kamarsa.

Tun da an hana ni itace ɗaya, sai na shiga kurmi inda suke dubu. Kurmi ne mai duhu, gansakuka ta lulluɓe komai, jajayen furanni sun rufe rassa. Na yi ta yawo ina kasa kunne, cikina babu komai sai tsoro. Da hantsi na ji hayaniya can gaba, tsuntsaye na tsiwa kamar an yi ɓari a kasuwa. Na rarrafa na leƙa, sai ga abin da suka yi wa taron dangi: mujiya ce, da rana tsaka, ba ta fi dunƙulen hannuna ba. Launinta toka-toka da ratsin fari, idanunta rawaya. Tana zaune a reshe, ƙananan tsuntsaye na kai mata sura ta ko'ina, ita ko a jikinta.

Ina kallonta tana kallona, sai ta juya kai, na ga wata fuskar ta sake zuba mini ido. Wallahi sai da na karanta abin da ya zo bakina. Da na natsu na gane ba fuska ba ce, baƙaƙen ɗigo biyu ne a ƙeyarta, da zoben gashi mai haske kewaye da su. Duk tsuntsun da ya zagayo ta baya zai kai mata duka, da ya ga ɗigon nan sai ya kauce. Can ta gaji da su, ta kumbura maƙogwaro ta yi kuka, fito ne siriri mai gaɓa huɗu: fu, fu-fu, fu. Tana yi tana juya kai, sai ka rantse daga wani itacen sautin ke fitowa. Kukan nan kuwa maimakon ya kore su, sai ya ƙara kirawo waɗansu daga nesa.

Na shagala da kallo har ban ji dajin ya yi tsit a bayana ba. Wari ne ya fara isowa gare ni. Na saci kallo ta ƙarƙashin hammata, na hango damisar ƙasar, mai zane-zane, wadda ta kusa kai ɗan maraƙi, ta lafe cikin gora tana auna ƙeyata. In na ruga ta kama ni, in na juyo gaba ɗaya ta san na gan ta, ta yi tsalle. A hankali na dangwali baƙar laka da yatsa, na zame malfata, na ɗiga mata idanu biyu manya, na mayar da ita ƙeya. Na miƙe tsaye ina tafiya taku ɗaya-ɗaya. Ta biyo ni, ina jin ganye na karyewa, ta zagaya dama, ta zagaya hagu tana neman bayana, ba ta samu ba. Da muka kai bakin wani rafi ta yi gurnani ta koma. Ni kuwa na zauna cikin ruwan da wandona.

Duk da haka washegari na koma, don abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na bi mujiyar nan har na san ta kamar maƙwabciya. Tana cin fara da ƙadangaru, na kuma ga ta kama tsuntsun da ya kusa kai girmanta, ta tafi da shi tana rinjaya. Dalilin ƙiyayyar ke nan. Ba ta gina sheƙa, sai ta nemi ramin da maƙwaƙwafi ya fafe a busasshen itace ta gaje shi. Macen na ciki kan ƙwai, namijin na kawo abinci, kuma duk abin da ya matso gindin itacen sai ya hau kuka. Na gwada fiton nan, na sake gwadawa, har ranar da na yi shi daidai. Kafin in rufe baki tsuntsaye sun cika reshen da ke kaina suna zagina, namijin mujiyar ma ya taso neman wanda ya shigo masa gida.

Na koma gari da gudu na sami Yangsi tana hura wuta.

"Inna, don Allah tuna mini. Waɗanda aka ɗaure suka kuɓuta, a wane lokaci aka ɗaure su?"

Ta yi lissafi da ido. "Bayan girbi. Da sanyi. Waɗannan kam sukan koma gida."

"Na lokacin jajayen furanni fa?"

"Ban san ko ɗaya da ya dawo ba. Ai an ce lokacin ne idon tsuntsaye ya fi kaifi." Ta dubi jajayen furannin da ke bakin ƙofarta, ta dube ni, ta kau da kai.

Na roƙa aka kai ni gaban mai kula da shari'ar, wata dattijuwa doguwa da ake kira Uwar Itace. Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, ina zaton akwai mujiya a cikin itacen nan."

"Ka gan ta?"

"Ban gan ta ba, an hana ni matsawa."

"To zato ka kawo mini." Muryarta ba fushi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Kakannin kakanninmu sun bar hukunci a hannun tsuntsaye don kada mai ƙarfi ya danne mai rauni. Baƙo bai isa ya zo jiya ya ce mu ɗaga ido ba. In ka sake faɗin wannan, igiyar ta isa mutum biyu."

Ana gobe kasuwa aka bar ni na ga Yaya ta tagar kurkuku. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, shi da ko kwana biyu ba ya bari bai gyara ba.

"Cindo, ka ji ni da kyau," ya ce. "In abin ya faru, kada ka yi haukan nan naka. Ka ɗauki zabirata ka koma gida, ka ba Ilu ɗana. Ka ce masa aska ta biyun tana da ɗan giɓi, ya wasa ta kafin ya taɓa kan mutum."

"Yaya, kai za ka faɗa masa da bakinka."

"Ka yi mini alkawari."

Na ce masa masu gadi na kirana, na juya, don ban iya yi masa ƙarya ido da ido ba.

Ranar kasuwa duk garin ya fito, aka kewaye filin, kowa kansa a ƙasa. Aka kawo Yaya aka ɗaure shi a gindin itacen, fuskarsa na kallon jama'a. Uwar Itace ta zauna a kan wani dutse. Aka kafa sanda a ƙasa don a ga tafiyar inuwa. Ni ina can gefe, na sunkuya kamar kowa, amma na mirgina ido sama. Sai ga shi, bai fi tsayin mutum biyu daga kan Yaya ba: rami zagayayye, aikin maƙwaƙwafi, bakinsa ya yi santsi don shiga da fita. A reshen da ke kusa, namijin mujiya na zaune da ƙadangare a baki, ya ga taro a ƙofar gidansa.

Na roƙi Allah ya sa ya yi shiru. Inuwa ta fara janyewa, na fara sa rai. Sai ya haɗiye ƙadangarensa, ya kumbura maƙogwaro. Fu, fu-fu, fu.

Jama'a ba su ma kula da fiton ba, kukan daji ne da suka saba ji. Tsuntsu ɗaya ya zo, ja kamar barkono. Na biyu ya zo. Kafin ka ce kwabo rassan ƙasa sun fara cika, suna tsiwa, suna sauka-sauka har saitin kan Yaya. Wani gunaguni ya ratsa taron. Babban ɗan Torba ya miƙe. Na ga Yaya ya rufe ido, leɓɓansa na motsi.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ɗaga kai na saki fiton da duk ƙarfina.

Namijin ya yi tsit, ya juyo. Na sake yi. Ya amsa a fusace, ya taso kamar an harbo shi, ya sauka a wani ƙaramin itace dab da kaina. Tsuntsayen nan kaf suka baro Yaya suka biyo shi, suka rufe ni, fikafikansu na marin kunnuwana. Mutanen da ke kusa da ni suka watse kamar an jefa wuta. Masu gadi suka danne ni, suka ja ni har gaban Uwar Itace.

"Tsuntsaye sun zaɓa," in ji ta. "Ba babban ba ne, ƙaramin ne."

"Ƙarya ne!" Yaya ya yi ƙara yana fizgar igiya. "Ni na yi ƙahon! Yaron nan mahaukaci ne, ku sake shi! Cindo, Allah ya isa tsakanina da kai in ka mutu ka bar ni!"

Suka fara jana wajen Bakin Shiru. Na turje na ce, "Ranki ya daɗe, mai mutuwa ba a hana shi magana ɗaya. Ke kin taɓa shan jinin wani?"

Wani mai gadi ya ɗaga gindin baka zai fasa mini baki, ta ɗaga hannu.

"Ban taɓa ba."

"To bari in tsuguna a bayanki. In tsuntsaye suka ƙyale ki, ba sai an jefa ni ba, da ƙafata zan faɗa."

Ta daɗe tana dubana. Ina jin ta yarda ne don ta tabbata itacenta ba zai ba ta kunya ba. Ta ce a sake ni. Na zagaya na tsuguna a bayan dutsenta, na tattara leɓɓa, na hura.

Iska kawai ta fito. Bakina ya bushe ƙamas, babu ɗigon yawu. Na sake hurawa, babu komai. Tsuntsayen sun fara watsewa, namijin ya koma kurmi, wani a cikin taron ya yi dariya. Na ga inuwar mai gadi ta matso kaina. Sai na sa haƙori na ciji harshena har na ji gishirin jini, na jiƙa leɓɓa da shi, na hura. Fu, fu-fu, fu.

Shiru. Na sake. Can daga kurmi aka amsa. Ya dawo, rundunarsa na biye, suka sauko kan Uwar Itace kamar ruwan sama, suna zaginta, wani ɗan ƙarami har ya fizgi zaren mayafinta. Mata suka sa salati irin nasu. Ita ba ta motsa ba. Na yi shiru, na bar su suka gaji suka tafi.

Sannan dattijuwar nan ta miƙe, ta taka har gindin itacen, ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Zangmar: ta ɗaga kai. Hayaniya ta dami macen, ta leƙo daga ramin da idanunta rawaya. Ɗaya bayan ɗaya kawunan jama'a suka ɗagu.

"Hau ka duba mini," in ji ta, ba ta juyo ba. "Tun yaushe take nan?"

Na hau. Macen ta tashi, na ga ƙwai farare zagayayyu. Kusa da ramin akwai wani tsohon rami, sama da shi wani, har inda idona ya kai. Na zura hannu cikin ɗaya na ɗebo abin da ke ciki, na sauko na zuba a tafinta: ƙananan ƙasusuwa, fikafikan ƙwari, gashin tsuntsaye da ya zama gari.

"Ranki ya daɗe, ba ita kaɗai ba ce. Uwarta ta zauna nan, da kakarta. Duk shekara in furanni suka yi ja suna nan, in sanyi ya shigo sun tashi."

Ina ganin fuskoki suna sauyawa, kowa na tuna watan da aka kai nasa. Uwar Itace ta je ta kama igiyar Yaya za ta kwance. Ta yi ta fama da ƙullin, ba ta bari kowa ya taimaka ba.

"Da wannan igiyar na ɗaure Samdu," ta ce, ba da mu take ba. "Ɗana na fari. Yana ta ce mini, Uwa, ban ɗauka ba. Furanni sun yi ja a shekarar, har sun fi na bana."

Igiya ta faɗi. Yaya ya zube a jikina, na ji nauyinsa, na ji numfashinsa a wuyana, sai a lokacin na fashe da kuka kamar yaron goye. Dattijuwar ta ce, "Ku bar garin nan kafin rana ta faɗi. Ba ku yi laifi ba, amma ba na jin akwai wanda zai iya kallonku gobe."

Yangsi ta kawo zabirar da ɗan guzuri a bakin gari, ta dafa kaina ta juya. Muka kama gangara, Yaya na dafe da kafaɗata, wuyan hannunsa duk ya sale. Hanyar ta bi ta gefen Bakin Shiru. Muna cikin tafiya muka ji murya daga sama, mace ce ta tsaya a gaɓar dutsen tana kiran wani suna cikin kwazazzabon. Wata ta karɓa da wani sunan. Sai namiji, sai tsoho, har garin duka ya ɗauka, kowa na kiran nasa, ramin kuwa bai mayar da ko ɗaya ba.

Yaya ya tsaya yana saurare, ya daɗe.

"Da yanzu ina can ƙasa," ya ce. "Kuma a duk garin nan babu wanda zai tsaya ya kira Shekarau."

"Ni zan kira, Yaya."

"Kai?" Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Kai da ka riga ni miƙa wuya? Da wa zai kira mu, mu biyu?"

Ya ƙara damƙe kafaɗata har na ji zafi, bai kuwa sake ta ba sai da muryoyin suka ɓace a bayanmu.